Furen Kabewa Cikin Gidan Sauro

Gari bai gama wayewa ba, amma Mai-fenti yana durƙushe a bayan gida yana laluben yaɗon kabewa da yatsunsa. Idonsa na dama a rufe yake da bandeji, na hagun kuma ya daɗe da gajiya, komai yake gani kamar ta cikin ruwan wanki. Ya bi ganye bayan ganye, raɓa tana jiƙa masa hannun riga, har ya tarar da abin da yake nema. Fure ne da bai buɗe ba tukuna, bakinsa a murɗe, da ɗan ƙullutu a gindinsa kamar ƙwan zabo. Macen fure ce, kuma yau za ta buɗe.

"Baba!" Auta ce, ƙaramar 'yarsa, tana tsaye a ƙofar kicin da jaka a kafaɗa. "Jiya-jiya likita ya ce kada ka sunkuya, kada ƙura ta shiga idon. Da kunnenka ka ji."

"Ai ban sunkuya ba. Durƙusawa na yi."

"To taso. In muka makara, layin asibitin nan sai ya kai mu la'asar."

Jiya aka cire masa yana a idon, yau kuma aka ce ya koma a kwance bandejin. Asibitin yana can ƙarshen gari, sai an hau bas biyu. Duk ranakun da Allah ya yi, furen nan bai ga ranar buɗewa ba sai yau. Furen kabewa kuwa safiya ɗaya gare shi. Da fitowar rana ya buɗe baki, kafin ta take tsaka ya langaɓe ya rufe, shi ke nan an wuce wurin. Idan garin namijin fure bai shiga cikin macen ba a wannan ɗan tsakanin, ƙullutun zai yi rawaya ya faɗi.

Kabewar ta matarsa ce. A wurin mahaifiyarta ta gaji irin, wata mai dogon wuya, fatarta toka-toka, cikinta ja wur. Ba a samun ta a kasuwa; Auta ta zaga rumfunan masu sayar da iri har ta gaji. Shekarar da ɓarin jikin matar ya shanye, kowa ya koma zaryar asibiti, aka manta da gwangwanin iri a ɗakin ajiya, danshi da ƙwari suka yi abin da suka ga dama. Abin da ya saura aka shuka bana, yaɗo ɗaya ne kawai ya rayu. Ya yi ta fitar da matan furanni, suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ganyensa ya fara ƙonewa daga gindi, kuma wannan ce macen ƙarshe. Idan ta faɗi, irin ya ƙare a duniya.

Ƙudan zuma sun daɗe da barin unguwar. Gonakin baya sun zama gidaje, bakin titi kuma feshi ake masa har ƙasa ta yi fes. Tun matar tana da lafiya ta koyi tsinko namijin fure ta goga a cikin macen. Da hannunta ya mutu, Mai-fenti ya karɓi aikin. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana rubuta allunan shaguna da na hanya, don haka ya ɗauko burushinsa mafi siriri, wanda yake jan ƙananan haruffa da shi, ya mai da shi na fure. Ya kuma shigo da dokar sana'arsa: ba a barin ɗanyen aiki a buɗe, ƙuda da ƙura su ɓata. Kowane fure sai ya rufe shi da guntun tsohon gidan sauro tun kafin ya buɗe, ya ɗaga ya yi aikinsa, ya mayar ya ɗaure.

Shi yake yi yanzu. Ya zaro guntun ragar daga aljihu, ya lulluɓe furen, ya ɗaure bakin da zare.

"Baba, don Allah yau ɗaya ka bar shi a buɗe," in ji Auta. "Ƙudan zuma sun fara dawowa. Furannin da muka shuka a bakin titi sun gama buɗewa a makon nan."

"Furanni!" Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Yarinya, na kai ki makaranta, kin yi karatu mai zurfi, kin ƙare a shuka ciyawa a gefen kwalta. Wace zuma? Yaushe rabon da in ga ƙudan zuma a gidan nan?"

"Yaushe rabon da ka ga komai a gidan nan?"

Daga baranda maganar ta fito. Matarsa ce a kujerarta, bargo a kan ƙafafunta, sandarta jingine a bango. Ciwon ya ja mata baki gefe guda, ya sa maganarta ta yi nauyi, amma bai rage mata kaifi ba ko kaɗan.

"Tsohuwa, ban da ke a zancen nan."

"Je ka a gyara maka ido, ƙudan zuman gida. Mu muna nan."

Ya ajiye mata burushin a cinya, ya ce ta riƙe masa, kafin hantsi ya yi zafi ya dawo. Ya ce kada ta motsa daga kujerar. Ta ce ina za ta je, rawa? Suka fita ta ƙofar gida, ta gaban katangar da yake kankarewa da fartanya duk ƙarshen mako, inda ko tsinke ba ya bari ya tsiro.

A asibiti sun tarar da mutane jere a kan benci, kowa da ido ɗaya a naɗe, kowa yana karkata kai yana kallon na kusa da shi. Mai-fenti ya zauna a bakin benci kamar wanda zai tashi da gudu. Ya tambayi Auta lokaci, ta faɗa masa. Bai daɗe ba ya sake tambaya. Da ya yi ta uku sai ta cusa wayar a jaka ta ja zif. Can aka ce an kira likita ɗakin tiyata, a yi haƙuri. Hasken da ke shigowa ta taga ya sauko daga bango ya kwanta a ƙasa, ya fara rarrafowa wajen ƙafafunsu. Ko da idonsa na hagu yana iya ganin wannan, kuma ya san a daidai lokacin furen yana can ya buɗe, yana jira.

Da layi ya zo kansa, wata nas ta zaunar da shi, ta ce ya rufe idanu duka. Ta ɓare filastar a hankali, ta goge da auduga mai sanyi, ta ce ya buɗe kaɗan-kaɗan.

Haske ya doke shi, hawaye suka zubo. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Abu na farko da ya gani shi ne rigar nas ɗin, fara ce, fari irin wanda ya manta akwai shi. Sai bango. Jiya ya rantse ruwan ƙasa ne, ashe shuɗi ne mai haske, har yana ganin sawun burushi a jikinsa.

"Baba, me ka gani?" in ji nas ɗin.

"Wanda ya yi muku fentin bangon nan ya cuce ku. Hannu ɗaya ya shafa."

Nas ta yi dariya har ta dafa tebur. Ya juya wajen Auta, sai dariyar da shi ma ya fara ta tsaya. A ransa yarinya ce har yanzu. Wadda ke tsaye a gabansa kuwa cikakkiyar mace ce, rana ta dafa mata goshi, da ɗan tabo a haɓa wanda bai san lokacin da ta same shi ba. Ya daɗe yana kallon ta, har ta sunkuyar da kai.

Likita ya leƙa idon da 'yar fitila, ya ce aiki ya yi kyau. Aka ba shi maganin ɗigawa da baƙin tabarau, aka ce kada ya cire a rana. Ya ce to, ya ce na gode, ƙafarsa ɗaya tana bakin ƙofa.

Bas na farko bai ba su wahala ba. Na biyun ne ya shiga sabon titi ya yi ta gudu, sai kafin gada ya rage, ya tsaya cak. Wata babbar motar yashi ce ta mutu a tsakiyar hanya, motoci sun yi cunkoso har inda ido ya ƙare. Direba ya kashe inji. Fasinjoji suka fara fifita da abin da ke hannunsu, wani yana zagin mai motar yashi, wata tana zagin direba. Mai-fenti ya leƙa ta taga ya dubi inuwar bas ɗin, ya ga ta kusa shigewa ƙarƙashinsa.

"Sauka za mu yi."

"Baba, da sauran tafiya fa. Ga ƙura."

Ai kafin ta rufe baki ya kai ƙofa. Ta bi shi tana ba mutane haƙuri.

Suka tsallake kwalbati suka hau 'yar hanyar ƙafa da ke bin gefen titin. Yana tafe da sauri, kansa a ƙasa, tabarau ya mai da komai duhu-duhu. Wani abu yana ta shafar ƙafar wandonsa, ya yi tsaki, ciyawar su Auta ce. Sai ya ji ƙara. Ba ta mota ba ce, domin motocin duk sun kashe inji. Wani gunji ne mai laushi, ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba, daga ko'ina yake, kamar ƙasar ce take numfashi. Ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

Ya sa hannu ya zare tabarau.

"Baba, an ce kada ka..."

"Yi shiru."

Daga bakin kwalta har gindin katangun gidaje, daga inda yake tsaye har can gada, ƙasa ta cika da launi. Rawaya ce ta fara shigar masa ido, furen tafasa, tuli-tuli. A ƙarƙashinta wasu 'yan ƙananan furanni shuɗaye sun bazu, ko farcen yaro ya fi su girma, amma shuɗin nasu ya fi duk wanda ya taɓa buɗewa a gwangwanin fenti. Yaryaɗi ya hau sandar fitilar hanya ya buɗe bakuna ruwan hoda. Karkashi ya miƙe, furensa a sunkuye, da zane-zane a maƙogwaro kamar wani ya zauna ya ja su da burushi mai gashi ɗaya. Akwai farare, akwai jajaye, akwai wani launi tsakanin ja da shuɗi wanda ya tsaya yana lissafin yadda zai haɗa shi, ya kasa. Ya san su duka. Da su ya yi wasa yana yaro, su ya yi ta kankarewa da ya girma. Bai taɓa sanin haka suke ba.

Kuma duk wurin motsi yake. Ƙudan zuma ne, ba a magana, suna shiga fure suna fita, ƙafafunsu ɗauke da dunƙulen rawaya. Ga galla, ƙannen ƙudan zuma 'yan mitsi-mitsi. Ga wani baƙin ƙwaro mai kauri, idan ya sauka sai furen ya rusuna har ƙasa, idan ya tashi ya miƙe yana rawa. Malam-buɗe-littafi kala-kala suna tashi gaba ɗaya duk lokacin da iska ta kaɗa, su dawo su zauna. Wani ɗan tsuntsu mai siririn baki, bayansa yana walƙiya kore, ya tsaya a iska a gaban fure ya sha ya wuce. A gefe guda mutane suna ta zage-zage a cikin motoci, a nan kuma ana ta aiki, babu mai kallon kowa.

"Allah mai iko," in ji Mai-fenti. Muryarsa ta yi ƙasa. "Allah mai iko. Auta, ku kuka yi wannan?"

"Mu dai mun watsa iri."

"Daga wace ƙasa aka kawo?"

"Daga nan. Duk na nan ne, Baba. Gefen layin dogo muka bi, da bayan maƙabarta, da tsofaffin filaye da ba a gina ba, duk inda feshi bai kai ba. Muka tsinci 'ya'yan da hannu, muka cuɗa da yashi muka watsa. Bara ganye kawai ya fito, mutane suka yi ta zagin mu, wai mun kawo musu gidan macizai. Har a gida ma an zage mu."

Hawaye suna zuba masa daga sabon idon, bai san ko na haske ba ne ko na wani abu. Ya durƙusa, Auta ba ta hana shi ba. Wani ƙudan zuma ya sauka a fure dab da hancinsa. Ya ga gashin bayansa, ya ga jijiyoyin fiffikensa, ya ga yadda ya cusa kai ya juya jiki ya fito ya yi butu-butu da gari. Abin da shi yake yi da lalube da addu'a, wannan ya gama shi kafin a ƙifta ido, ya wuce na gaba.

Da ya ɗago sai idonsa ya faɗa kan wani allo da aka kafa a tsakiyar furannin. An rubuta kada a yanka, kada a yi feshi. Haruffan sun zauna daidai, amma a ƙasansu an zana fure da ƙudan zuma, furen shuɗi mai ihu, ƙudan kuma wani kore-kore kamar ya sha guba.

"Wane mugu ne ya yi wannan?"

Auta ta kalli gefe. "Kai ne, Baba. Bara. Ka manta na kawo maka aikin?"

Ya matsa kusa. Hannunsa ne, babu shakka, ga yadda yake lanƙwasa wutsiyar harafi. Ya tuna ranar, ya tuna yana ta ƙara shuɗi yana cewa fentin zamani ba shi da ƙarfi.

"Kuma kika ɗauka kika kafa a titi? Ba ki faɗa mini ba?"

"Mama ce ta hana. Ta ce in na faɗa maka za ka ajiye burushi, in ka ajiye burushi kuma za ka kwanta."

Idan haka ya yi wa allo mai faɗin ƙofa, me ya yi ta yi a cikin furen da bai kai tafin hannu ba? Ya bi wani ƙudan zuma da kallo, ya ga ya tashi sama ya haye katanga ya nufi cikin unguwa. Wani ya bi shi, wani ma ya bi. Can bayan rufin gidajen nan gidansa yake.

"Auta. Daga nan zuwa gida, waɗannan za su iya?"

"Suna zuwa inda ya fi haka nisa."

"Tun yaushe?"

"Tun da furannin farko suka buɗe. Yanzu ne dai suka yi yawa."

Ya ga hannunsa da asuba yana ɗaure zare, ya ga duk sauran safiyoyin da ya yi haka, da furannin da suka yi rawaya suka faɗi a cikin raga. Ya mayar da tabarau ya kama hanya. Auta ta yi ta kiran ya rage sauri, bai ko waiga ba.

Rana ta take tsaka lokacin da ya tura ƙofar gida. Ya yi sallama, shiru. Kujerar tana baranda, bargon yana ƙasa, babu kowa a kai. Sandar ma ba ta jikin bango.

"Mama!" Auta ta jefar da jaka ta faɗa ɗaki.

Shi kuwa bayan gida ya nufa, domin ya ga sawu. Sandar tana yashe a bakin kunya ta farko. Daga nan ƙasa ta nuna inda aka ja jiki, a hankali, ta tsakanin ganye. A ƙarshen sawun matarsa tana zaune a ƙasa, ta jingina da katanga inda 'yar inuwa ta rage, zanenta duk taɓo, ɗankwalinta ya zame. Hannunta mai lafiya a dunƙule yake a cinya, guntun gidan sauro yana leƙowa ta tsakanin yatsunta.

"Kun daɗe," in ji ta.

"Tsohuwa! Kin faɗi? Kin ji ciwo? Ban ce kada ki motsa ba?"

"Ban faɗi ba. Zama na yi, tashi ne ya gagara." Ta ja numfashi. "Kuna fita rana ta fito, sai na ji gunjin ƙudan zuma. Na ɗauka kunnena ne. Na leƙo, na gan su sun taru a kan ragar nan, suna ta bugun ta da kai. Su je wajen mazan furanni su dawo, su sake bugu. Baƙi sun zo tun daga titi, maigida ya kulle ƙofa ya tafi da makulli."

Auta ta iso da gudu, ta durƙusa tana duba gwiwoyin uwar, tana faɗa tana kuka a haɗe. Uwar ta ture hannunta.

"Zaren nan naka da haƙori na tsinke shi. Ɗauri kamar na buhun siminti."

"Burushin fa?"

"Yana baranda. Me zan yi da shi? Ina cirewa suka shiga. Layi suka yi, Baban Auta, wannan na fita wannan na shiga, har da masu tsallake layi. Tun ina yarinya a gonar mahaifiyata rabon da in ga haka. Na zauna ina kallo, na manta ma ba zan iya tashi ba."

Ya cire tabarau ya juya wajen furen. Ya riga ya rufe, leɓunansa sun langaɓe sun manne da juna. Ya kai yatsu biyu ya raba su a hankali, yadda ake ɗaga takarda daga ɗanyen fenti. Wani abu ya motsa a ciki. Ƙudan zuma ne ɗaya da furen ya rufe da shi, ya rarrafo waje, rawaya tun daga kai har ƙafa. Ya tsaya a bakin furen ya share fuska da ƙafafun gaba, ya tashi ya haye katanga ya nufi titi.

Mai-fenti ya leƙa ciki. Wannan ne karo na farko da ya ga wurin da ya daɗe yana yi wa aiki. A can tsakiya akwai 'yan dunƙulalle masu sheƙi, kuma ko'ina a jikinsu gari ne, a kwance luf-luf, babu gefen da aka tsallake, babu inda aka yi hannu ɗaya. Ya daɗe yana dubawa, irin duban da yake yi wa aikin wani idan yana neman aibi.

"Yaya?" in ji matar. "Sun iya?"

"Sun iya."

Sai a lokacin ya dube ta sosai. Ya ga furfurar da ta cika mata kai, ya ga yadda wuyanta ya rame, ya ga ƙasa a gefen bakinta inda ta ciji zaren. Shekarun nan duk da tsohuwar fuskarta yake hira, wadda ya haddace. Tausayi da kunya suka taso masa lokaci guda. Idanunta ne kawai ba su canza ba, kuma dariya suke yi masa.

"Ka gan ni yanzu ko? Ka ce a mayar maka da yanarka."

"Na ga dai kina bukatar hannu biyu na fenti."

"Ɗaga ni, tsohon ƙudan zuma. An sallame ka daga aiki."

Shi da Auta suka kama ta, ɗaya a kowane gefe, suka kai ta baranda. Auta ta kawo ruwa ta wanke mata hannu da ƙafa. Sai da aka ɓamɓare yatsunta kafin ta saki guntun ragar. Mai-fenti ya karɓa ya juya shi a hannu, ya cusa a aljihu. Burushin yana nan a kan kujera, gashinsa a bushe, ya ɗauka ya saƙala a bayan kunne.

Fartanyarsa tana jingine a bakin ƙofar gida, tana jiran ƙarshen mako. Ya tsaya a kanta yana kallon gaban katangar, fes, ja, babu ko tururuwa.

"Auta," ya ce, bai juyo ba. "Irin nan naku. Yana fitowa a gindin katanga?"

"Yana nan a cikin ƙasar ma, Baba. Kai kake aske shi."

Ya ɗauki fartanyar ya shiga da ita ɗakin ajiya, ya rataye ta can sama, kusa da gwangwanin iri. Sannan ya sauko da gwangwanin, ya buɗe, ya busa ƙurar da ke ciki, ya kai shi rana ya bushe.